Wa Ya Kamata a Kira Aikin Gas?

Gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi sun koma girki da gas, amma in tiyo ya tsage, ko ana son jan layi daga tukunyar gas zuwa kicin, sai a kira mai gyaran famfon unguwa. Iya aikin famfo ba shi ne iya aikin gas ba. Ruwa in ya yi yoyo ido zai gani, bango zai jiƙe. Gas kuwa ba a ganinsa, kuma ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya taru a lungun kicin. Da ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyasta ashana ko danna makunnin lantarki ya isa ya tayar da gobara. Asalinsa ma ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya ankarar da mutanen gida.

Saboda haka kafin a ba mutum aikin, a tambaye shi inda ya taɓa yin irinsa, a je a gani. A duba kayan da ya zo da su. Tiyon ruwa da bututun robar famfo ba a yi su don gas ba. Layi mai tsawo bututun tagulla ko na ƙarfe yake so, tiyon gas kuma a matse bakinsa biyu da kilif, kada a yarda da ɗaurin waya ko robar tayar keke.

Wani zai ce ƙwararre tsada gare shi. Gaskiya ne, amma kuɗin aikinsa sau ɗaya ake biya, yoyo kuwa kullum yana shanye tukunya mai kilo 12.5 tun kafin wa'adinta, ban da haɗarin rai. Wani kuma zai ce shi da bai yi karatu ba yaya zai gane aiki mai kyau? Gwajin ba ya buƙatar karatu. Kafin a biya, a kaɗa sabulu da ruwa, a buɗe gas, a shafa a kowace mahaɗa. In kumfa ta riƙa kumbura, akwai yoyo, sai ya sake. Wanda ya ɗauko ashana zai gwada, a sallame shi nan take.

In kuma aka ji warin gas daga baya, a rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunni, a fitar da yara, sannan a kira mai gyara daga waje.