Zagaye Ashirin da Biyar: Yadda Ake Kallon Tseren Dogon Zango

A duk lokacin da aka yi gasar wasanni tsakanin gidaje, da an kira tseren mita 1,500 sai a ga 'yan kallo sun watse, wasu sun tafi neman ruwan sha, wasu sun koma hira, sai an kusa gamawa su dawo da ihu. Mu ma haka muke yi a da. Makon jiya malamin wasanni ya zaunar da mu 'yan kulob ɗin jarida, ya nuna mana bidiyon wani tsere da ake yi da dare a Landan, ya kuma ba kowa takarda da biro. A nan muka gane cewa ashe ba mu iya kallo ba.

Ƙungiyar 'yan gudu ta Highgate Harriers ce ta soma shirya wannan tsere a 2013, a filin Parliament Hill. Duk mita 10,000 ake gudu, rukuni-rukuni. Ana farawa da 'yan ƙananan ƙungiyoyi, mutanen da ke da aikinsu na yau da kullum, gudu kuma sha'awa ce kawai. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, a fito da gwanaye. 'Yan kallo kuwa a kan filin suke tsayawa daga layi na uku, har kana iya jin hakin mai gudu. Burin kowa, gwani da ɗan ƙungiya, shi ne ya karya lokacinsa na baya. A filin nan aka yi gasar kofin Turai ta mita 10,000 a 2018 da 2019.

To, ga darasin. Zagaye ɗaya na filin tsere mita 400 ne, wato mita 10,000 zagaye 25 ke nan. Mai kallo da basira ba ya damuwa da wanda ke gaba a farko, agogo yake dubawa. Wanda ke son gamawa a minti 30 dole ya riƙa cinye kowane zagaye a daƙiƙa 72. Mai neman minti 35 kuma daƙiƙa 84 ce rabonsa. Bambancin daƙiƙa 12 ne kacal, amma ku lissafa da kanku: lokacin da na farko ya kammala zagaye na 7, daƙiƙa 504 sun wuce, na biyu kuwa zagaye 6 ya yi cif. An riga an zagaye shi tun ba a kai sulusin tseren ba. Kafin a ƙare sau uku za a wuce shi. Dalilin da ya sa ake raba su rukuni-rukuni ke nan, don kowa ya samu tsaransa.

Da muka riƙa rubuta lokacin kowane zagaye, sai wani abu ya fito fili. Gwanaye kusan lamba ɗaya suke maimaitawa, zagaye bayan zagaye. A cikin 'yan ƙungiyoyi kuwa akwai masu fita da zafi, daga tsakiya kuma lambobinsu su soma hawa, kafaɗa ta ɗage, kai ya soma lilo. Duk da haka su suka fi burge wasunmu, domin wahalar a fuskarsu take, kuma ba su tsaya ba. Gwani yakan ruɗi mai kallo, ka ga kamar yawo yake yi.

Don ku san irin wannan "yawo": a ranar 7 ga Oktoba 2020, a birnin Valencia na ƙasar Sifaniya, Joshua Cheptegei ɗan Uganda ya gudu mita 10,000 a minti 26 da daƙiƙa 11, ya karya tarihin da Kenenisa Bekele na Habasha ya kafa tun 2005. Wato ƙasa da daƙiƙa 63 a kowane zagaye, sau 25 a jere. Su nawa ne a makarantar nan za su iya yin ko ɗaya? A ɓangaren mata, Beatrice Chebet 'yar Kenya ta yi minti 28 da daƙiƙa 54 a 2024, ita ce mace ta farko da ta sauko ƙasa da minti 29 a filin tsere.

Za ku kuma lura da wani da ke jan gaba, sai an yi nisa ya kauce gefe. Ba gajiyawa ya yi ba, aikinsa ke nan: ya daidaita wa sauran sauri, ya kuma tare musu iska. A daren Valencia har da fitilu aka jera a bakin fili, suna tafiya da saurin da ake buƙata. Sannan ku duba yadda ake rububin layin ciki. Layi na biyu ya fi na farko da kimanin mita 7 a kowane zagaye, wanda ya yi zagaye 25 a can ya ƙara wa kansa kusan rabin zagaye a banza. Ƙararrawar da ake kaɗawa kuma tana nufin saura zagaye ɗaya.

Bara a filinmu mun ga wani ɗan'uwanmu ya ba kowa tazara a zagayen farko na mita 1,500, muna ta yi masa kirari, a zagaye na uku sai ɗaukarsa aka yi. Da laifinmu a ciki, mu da muka zuga shi. Bana muna neman mutum biyu daga kowane gida, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya rubuta. Mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu. Za mu manna lokacin kowane zagaye na duk wanda ya shiga a wannan allo, har da wanda ya zo na ƙarshe. Mai sha'awa ya ba sakataren kulob sunansa kafin Alhamis.