Tsara Darasin Motsi Bisa Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Koyo

Gabatarwa

Ɗalibin ƙaramar sakandare yakan shigo aji da tasa fahimtar game da motsi. Ya saba ganin amalanke yana tsayawa da zarar an daina tura shi, saboda haka ya ɗauka babu abin da zai ci gaba da tafiya sai da mai turawa. Dokar farko da Newton ya wallafa a 1687 ta saɓa wa wannan: abu mai tafiya ba zai tsaya ko ya karkata ba sai wani ƙarfi ya shafe shi. Idan malami ya tsaya ga rubuta dokar a allo, ɗalibi zai haddace ta, amma tsohuwar fahimtar tana nan daram, domin ƙwaƙwalwa kan ɗora sabon ilimi ne a kan wanda ta riga ta mallaka.

Matakan Darasi

1. Hasashe: malami ya tambayi ɗalibai inda ƙwallo za ta fi nisa, kan yashi ko kan daɓen siminti, kowa ya faɗi dalilinsa.

2. Gwaji: a gara ƙwallon a wuraren biyu, a auna nisan. Sai a tambaye su, me ya tsayar da ita? Daga nan za su gano gogayya, su kuma yi tunanin abin da zai faru da babu ita.

3. Taƙaitawa: George Miller a 1956 ya ƙiyasta cewa mutum kan riƙe abubuwa kusan 7 a lokaci guda, Nelson Cowan kuma a 2001 ya rage su zuwa kusan 4. Don haka kada a cusa lissafin gudu cikin wannan darasi. A ware masa rana: wanda ya yi mita 20 cikin daƙiƙa 5, gudunsa mita 4 ne a kowace daƙiƙa.

4. Bita: Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. A maimaita tambayar washegari, da kuma bayan mako guda, littattafai a rufe.

Kammalawa

Ba duk abin da aka jingina wa ƙwaƙwalwa ne ingantacce ba. Raba ɗalibai zuwa masu amfani da ɓangaren dama ko na hagu ba shi da madogara a bincike. Ma'aunin nasarar darasin shi ne ɗalibi ya bayyana da bakinsa dalilin tsayawar amalanke.

Aikin Yi

A tsara darasin minti 40 a kan gogayya ta bin waɗannan matakai huɗu.