Fibirinojan, mai tsai da jini

A ƙasar Arewa, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har zuwa Tibiri da Gesheme, aikin gona ba ya rasa rauni. Lauje yakan yanki manomi, ƙaya takan soki makiyayi. Jini ya zuba kaɗan, bayan ƴan mintoci sai ya tsaya da kansa. Mi ke tsai da shi?

Jini kashi biyu ne: ƙwayoyi da ruwa. Ruwan jini shi ya fi yawa, ya kai wajen kashi 55 cikin 100. A cikinsa akwai wani furotin mai suna fibirinojan. Hanta ce ke yin sa. Kowace litar ruwan jini tana ɗauke da garam 2 zuwa 4. A narke yake, kamar gishiri cikin ruwa, shi ya sa jini ke gudu cikin jijiyoyi.

In mutum ya ji rauni, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira falaket sukan taru a bakin ciwon, su toshe shi. Amma toshiyarsu ba ta da ƙarfi. Daga nan sai jini ya fid da wani sinadari mai suna turombin. Shi ke mai da fibirinojan zare-zare. Wannan zaren shi ne fibirin. Zaren ya sarƙe kamar raga, ya kama jajayen ƙwayoyi, ya zama gudan jini. In ya bushe, shi ne ɓawon miki. Sosa shi yana mai da aiki baya.

Da damana da kaka, manoma sukan gamu da kububuwa cikin gonakin hatsi. Dafinta yana sa jiki ya yi ta yin turombin ba ƙaƙƙautawa, har fibirinojan ya ƙare. Jini kuwa, in ba fibirinojan, ba ya daskarewa. Sai a ga yana fita daga dasashi, ko daga tsohon miki, ko cikin fitsari. Mutum na iya mutuwa bayan ƴan kwanaki.

A shekarar 1977, likita David Warrell da abokan aikinsa na Zariya, a Najeriya, suka bayyana wani gwaji mai sauƙi. Ana zuba jini kaɗan cikin kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya. A bar shi minti 20, sannan a karkata kwalbar. In jinin yana nan ruwa, dafi ya cinye fibirinojan. Sai a yi wa marar lafiya allurar maganin dafi. Hanta ta sake yin sabo, jini ya koma daskarewa bayan wajen awa 6.

Abin riƙewa

In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, domin jinin ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi bisa amalanke ko mota, a kai shi asibiti nan da nan.

Tambayoyi

1. Ina ake yin fibirinojan?
2. Mi ke mai da shi fibirin?
3. Don mi ba a tsaga saran kububuwa?