Ɗaure Fatar Fuska: HIFU, Leza, Zare Ko Tiyata, Wanne Ya Dace Da Fatarmu?

TAMBAYA: Likita, ni mace ce mai shekara 46, ina zaune a Faskari. Kumatuna da ƙasan haɓata sun fara saki. Ina ganin tallar wata na'ura a waya wai ita HIFU, ana cewa zama ɗaya take ɗaure fuska, ba yanka ba allura. Wata ƙawata a Ƙanƙara ta ce leza ta fi, wata kuma ta ce zare ake sakawa. Ina shirin tafiya Kaduna ko Abuja. Wanne zan yi?

AMSA: Hajiya, ga amsar a dunƙule kafin ki kama hanya. Ga mai baƙar fata wadda sakin bai yi nisa ba, HIFU ta fi leza aminci, sai dai aikinta kaɗan ne, a hankali yake fitowa, kuma ba ya dawwama. Wadda fatarta ta zubo sosai, tiyata ce kaɗai ke ɗaga ta. Wadda kuma man bilicin ya cinye wa fata, babu ko ɗaya a cikinsu da ya dace da ita a yanzu.

Me ya sa fata ke saki?

Abin da ke riƙe fata ta tsaya daram wani sinadari ne mai kama da zare da ake kira kolajin. Tun mutum yana shekara ashirin da 'yan kai yake raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara, kuma mace na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Wannan tafiyar shekaru ce, kowa zai bi ta.

Amma a yankinmu akwai abubuwa uku da ke gaggauta ta. Na farko rana: wadda ke yini a gonar masara a Sabuwa ko a rumfar kasuwar Sheme ta fi mai zaman ɗaki saurin tamoji. Na biyu mayukan ƙara haske masu ɗauke da sinadaran clobetasol, betamethasone, hydroquinone mai yawa ko makuri, waɗanda ke sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta feso. Matsalar ta kai har hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiya a 2023. Na uku rama. Idan kumatu sun zube cikin 'yan watanni, sai a fara tunanin ciwon suga, tarin fuka, ciwon maƙoƙo ko damuwa, balle a garuruwan da rashin tsaro ya hana mutane barci da cin abinci cikin natsuwa. Mai irin wannan rama gwaji take buƙata a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, ba na'urar kwalliya ba.

Yadda HIFU ke aiki

Dangin na'urar sikanin ce da ake duba masu juna biyu da ita, duka suna amfani da sautin da kunne ba ya ji. Bambancin shi ne ita HIFU tattara sautin take yi ya haɗu a ɗigo guda a can ƙarƙashin fata, a zurfin milimita 1.5 ko 3 ko 4.5, ta zafafa wurin zuwa digiri 60 zuwa 70. Duk mai girki ta san yadda ganda ke tattarewa idan ta ji wuta. Haka kolajin ke tsukewa a waɗannan ɗigogi, sannan jiki ya ɗauki wurin a matsayin rauni ya shiga saƙa sabo. Shi ya sa ba a ganin sakamako na gaskiya sai bayan wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shida. Hoton da ake ɗora miki na "kafin da bayan" a rana ɗaya, yawanci kumburi ne da dabarar haske.

Wadda aka fi yin bincike a kanta ita ce Ultherapy. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don ɗaga gira a 2009, wuya da ƙasan haɓa a 2012, sai layukan saman ƙirji a 2014. Na'urar tana da allon da mai aiki ke ganin sassan fata kafin ya harba. Akwai kuma na Koriya ta Kudu irin su Ultraformer. Bayan su akwai tarin na'urori masu araha da ake saya ta intanet, ba allo, ba tabbacin zurfin da suke kaiwa, kuma duk HIFU ake ce musu.

Falalar HIFU a gare mu ita ce sauti bai damu da launi ba. Yana ratsa saman fata ya wuce, don haka haɗarin baƙin tabo kaɗan ne. Tana da zafi lokacin yi, kuma ja, kumburi da ɗan dindiris na iya biyo baya na kwanaki ko makonni. Idan hannu bai ƙware ba, ana samun ƙuna, ko a taɓa jijiyar da ke motsa leɓe baki ya ɗan karkace na wani lokaci, ko a narkar da kitsen fuska. Saboda wannan na ƙarshe, mai siririyar fuska na iya fitowa ta fi da tsufa. Sakamakon yakan kai shekara ɗaya ko fiye, sai a sake biyan kuɗi.

Sauran hanyoyin

Na'urar RF, wadda ke ɗumama fata da igiyar lantarki, ta riga HIFU fitowa. Thermage ta samu amincewar FDA tun 2002. Ita ma ba ruwanta da launi, amma ba ta kai zurfin HIFU ba, kuma ƙananan nau'o'inta na buƙatar zama da yawa. Ta fi amfani wajen laushin fata da ƙananan layuka fiye da ɗaga muƙamuƙi. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ba ta yin ta. Akwai nau'in da ake haɗawa da ƙananan allurai, yana taimaka wa tabon ƙuraje, amma huda fata ne, don haka tsafta da ƙwarewa wajibi ne.

Leza haske ce, kuma a nau'o'inta da yawa baƙin sinadarin fatarmu ne ke fara shanye hasken. Leza mai kankare saman fata, irin ta CO2, tana yi wa Turawa aiki sosai wajen tamoji, amma a fatarmu takan bar baƙin tabo na watanni ko farin dabbare-dabbare. Akwai nau'o'in da suka fi sauƙi ga baƙar fata a hannun likitan da ya san su, amma in dai ɗaga haɓa kike so, leza ba ita ce zaɓin farko ba.

Zare kuwa ana cusa shi da allura ƙarƙashin fata a ja sama. Nan take ake gani, sai dai zaren na narkewa cikin watanni, ɗagawar ta ragu. Yana iya sa wurin ya ruɓa, ya lotsa fata, ko bakinsa ya leƙo waje. Allurar Botox da ta cike kumatu ba ɗaure fata suke yi ba: ta farko kwantar da tsokar da ke naɗe goshi take yi na wata uku zuwa huɗu, ta biyu kuma cike rami.

Tiyata ita ce mai yanke rarar fata ta ɗaga abin da ke ƙasa, kuma takan kai shekara goma. Kuɗinta ya fi, jinyarta makonni ce, kuma tana barin tabo. Wadda hujin kunnenta ko wani rauni ya taɓa yin tabo mai tudu ta sanar da likita kafin kowane aiki mai huda ko yanka.

Abin da za ki yi

Ki fara ganin likitan fata. Ana samun su a manyan asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano. Shi zai tantance ko sakin fata ne, ko kitse, ko rama. Idan kina shafa man bilicin ki faɗa masa gaskiya, don mai ɗauke da sitiroyid, irin clobetasol da betamethasone, janye shi ake yi a hankali, fata ta farfaɗo tukuna.

Idan ya ce HIFU ta dace da ke, ki yi wa wurin tambayoyi huɗu: mene ne sunan na'urar da kamfaninta, wa zai riƙe ta kuma yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, shin sun yi wa masu irin launinki, kuma wa za ki kira idan matsala ta taso bayan kin dawo gida. Wannan ta ƙarshe ta fi muhimmanci ga mai zuwa daga Faskari, inda komawa Abuja ba abu ne na safe da yamma ba. Gwanar dilka da halawa ta san aikinta, amma ba ta karanci inda jijiyoyin fuska suka bi ba. Mai juna biyu, mai ƙuraje masu ruwa ko buɗaɗɗen ciwo a fuska su dakata. Batun hukuncin addini kuma, tsakanin gyara lahani da canza halitta, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa.

Kafin nan ki riƙe masu araha: man kare rana mai lamba SPF 30 ko fiye kullum, malfa a gona, man kaɗanya a lokacin hunturu, ƙwai, wake, kifi da zogale, da isasshen barci. Likita na iya rubuta miki tretinoin na dare, wanda bincike ya tabbatar yana ƙara kolajin, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi.

Hajiya, kada ki sayar da akuya ko hatsi don tallar waya. Ki je asibiti a duba ki, ki san dalilin sakin, sannan ki zaɓa. Allah Ya ƙara lafiya.