Sharuɗɗan Zama Jarrabawar Shiga Makarantar Ungozoma da Aikin Jinya

A ƙauyukan Babura, Roni, Gwiwa da Kazaure akwai ƙananan asibitoci da ke fama da ƙarancin ma'aikata mata. Mace mai naƙuda ta fi sakewa idan 'yar'uwarta mace ce za ta karɓi haihuwarta. Wasu magidanta kuma ba su yarda namiji ya duba iyalinsu. Sai a bar mace a gida ta yi ta wahala, har lokaci ya ƙure.

A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, an buɗe makarantar koyon aikin ungozoma a garin Babura. Ban da ita, Jihar Jigawa tana da makarantun aikin jinya a Birnin Kudu da Haɗeja, da kuma kwalejin kiwon lafiya a Jahun. To, amma kusancin makaranta ba shi ke ba yarinya gurbi ba. Sai ta ci jarrabawar shiga. Ita kuwa jarrabawar, ba kowa ake bari ya zauna mata ba, sai wanda ya cika sharuɗɗa.

Babban sharaɗi shi ne kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, wato WAEC ko NECO. Kuma ba a kowane darasi ba. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ƙayyade darussan: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis.

Mene ne kiredit? A takardar sakamako akwai harafi da lamba a gaban kowane darasi. A1 shi ne mafi kyau. Daga A1 zuwa C6 duk kiredit ne. D7 da E8 ana ce musu fas, wato an tsallake da ƙyar, amma ba su kai kiredit ba. F9 faɗuwa ce. Uban da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci zai iya duba wannan da kansa. Ya sa yatsa a kan darussan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da ke gaban kowannensu.

Ga misali. Yarinya ta ci kiredit bakwai, har da A1 a Hausa da ilmin addinin Musulunci, amma ta sami D7 a Fizis. Gida ya cika da murna, ana cewa ta ci bakwai. Amma a wurin makarantar ungozoma, huɗu take da su. Idan aka saya mata fom a haka, an yi asarar kuɗi ke nan.

Wannan ba ya nufin an rufe mata ƙofa. An yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma ba uku ba. Tana iya sake rubuta jarrabawa, ko da ta 'yan waje ce da ake yi wajen ƙarshen shekara. In ta gyara Fizis, sai a haɗa da takardar farko. Kuɗin da za a kashe wajen fom da mota, gara a kashe shi wajen gyaran darasin da ya rage.

A nan ne ya kamata iyaye su lura sosai. Kimistiri da Fizis 'yan ajin kimiyya ne kawai ke karanta su. Ana raba yara ne tun suna shiga aji ɗaya na babbar sakandare. Yarinyar da aka sa a ajin da ba na kimiyya ba, za ta yi shekara uku ba ta taɓa waɗannan darussa ba. Wato tun shekara uku kafin a fara sayar da fom aka yanke hukuncin ko za ta zauna jarrabawar. Sau da yawa ana yin wannan rabo uba bai ma sani ba. Saboda haka mai son 'yarsa ta zama ungozoma, ya je makarantar da kansa da zarar ta gama ƙaramar sakandare, ya tambayi shugaban makaranta ajin da aka sa ta. Akwai makarantun kimiyya na 'yan mata a Taura da Jahun, su ma da jarrabawa ake shigarsu.

Makarantun jinya da suka koma ba da difloma suna buƙatar a fara rubuta JAMB, a zaɓi makarantar, sannan a zo jarrabawar tantancewa. JAMB tana neman mai shiga makaranta ya cika shekara 16. Tun 2021 kuma ba a yin rajistarta sai da lambar katin ɗan ƙasa. Kowace makaranta tana fitar da sanarwa kafin ta sayar da fom. A nemi wanda zai karanta ta daga farko har ƙarshe.

Sai maganar takardu. Ana neman takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hotuna. Suna da ranar haihuwa dole su zama iri ɗaya a ko'ina. Idan takardar WAEC ta ɗauki sunan uba, katin ɗan ƙasa kuma ya ɗauki sunan kaka ko na gari, to a gyara tun da wuri. Gyaran yana cin lokaci.

Aure ba ya cikin abubuwan da ke hana mace wannan karatu. Daga 2012 zuwa 2020 gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin wani shiri na samar da ma'aikatan lafiya mata a jihohin Arewa, ciki har da Jigawa, Kano da Katsina. Shirin ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, ana yi musu karatun share fage don su gyara kiredit ɗinsu. Mutanen gari ne ke zaɓo su, da alkawarin za su dawo su yi wa garinsu aiki.

Akwai masu zuwa su ce a ba su kuɗi za su samo gurbi, ko su gyara sakamako. Kada a saurare su. Bayan an ɗauki ɗalibai, makaranta tana aika sunayensu da takardunsu ga Majalisar Jinya don a yi musu rajista, ana kuma bincika sakamakon a wurin hukumar da ta shirya jarrabawar. Wadda aka kama da takardar jabu korar ta ake yi, ko da ta riga ta ɗinka kayan makaranta ta fara shiga aji.