Hoton Shinkafata Yana Fitowa Kamar Tuwo

Tambaya: Ina da gidan abinci a Kano. Kwastomomi na yaba dafa-dukata, amma hotunan da na sa a takardar jerin abinci sam ba sa jan ido. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, girkinki ba shi da laifi, haske ne matsalar. Ki kashe filashin waya da ƙwan lantarkin kicin, domin suna kashe launi su bar maiƙo yana ƙyalli. Ki kai farantin bakin taga da hantsi, hasken ya bugo ta gefe. 'Yar inuwar da yake bari ita ce ke fito da kowace ƙwayar shinkafa daban. In ɗaya gefen ya yi duhu, ki jingina farin kwali.

Sai inda za ki tsaya, wanda ya danganta da yadda abincin yake. Paella, shinkafar mutanen Balensiya a ƙasar Sifen, a faffaɗan kasko marar zurfi ake dafa ta a shimfiɗe, za'afaran ya rina ta rawaya, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta daga sama. Har ƙanzonta sukan kankaro da cokali ya fito a hoto, don su a wurinsu abin marmari ne. Taki kuwa a tsibe take a faranti, saboda haka ki karkata wayar kamar digiri 45, yadda mai ci zai gan ta.

Kada ki danne ta da ludayi. Ki warwatsa ta da cokali mai yatsu, ki goge bakin farantin, ki ɗauka tun tana turiri. Naman kuma ki sa daidai wanda kwastoma zai samu, in ba rigima kike nema ba.