Ruwan Ƙwaƙwalwa: Aikinsa a Jiki da Yadda Na'urori Ke Gano Cuta da Shi

Darasinmu na yau ya leƙa fannin lafiya, inda za mu duba ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya, da kuma na'urorin da ake auna shi da su.

Mene ne wannan ruwa?

Ruwa ne garau, marar launi, wanda wasu tarin siraran jijiyoyin jini ke tacewa a cikin ramuka huɗu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Jikin babban mutum na ɗauke da kimanin mililita 150, amma yana samar da kusan mililita 500 a kullum. Ke nan ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu a rana, tsohon kuma ya koma cikin jini.

Aikinsa uku ne. Yana kare ƙwaƙwalwa daga bugu. Yana tallafe ta, domin nauyinta ya kusan kilo ɗaya da rabi, amma da yake tana iyo a cikinsa ba ta danne jijiyoyin da ke ƙarƙashinta. Sannan yana kwashe dattin da take fitarwa.

Yaya ake ɗebo shi?

Likita na soka siririyar allura a ƙasan baya, tsakanin ƙashi na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar na ƙugu. An zaɓi wurin ne saboda lakar babban mutum ta ƙare tun a sama da nan, don haka allurar ba ta taɓa ta. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, na cikin waɗanda suka fara wannan hanya a 1891. Idan ana zargin kumburi a ƙwaƙwalwa, sai an fara ɗaukar hoton CT.

Me ɗakin gwaji ke dubawa?

A ruwan mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini ba sa wuce 5 a kowace maikurolita, sukarinsa kuma kusan kashi biyu cikin uku ne na sukarin jini. Idan bakteriya ce ta kawo sanƙarau, ruwan na yin gurɓi, fararen ƙwayoyi da furotin su yi yawa, sukari ya faɗi. Idan bairos ne, galibi sukarin ba ya sauka. Wannan bambanci ne ke nuna wa likita maganin da ya dace.

Noma ƙwayar cutar a ɗakin gwaji na cin kwanaki. Na'urar PCR kuwa tana gano ƙwayar halittarta cikin sa'o'i, ko da an riga an fara ba majinyaci magani. GeneXpert ma na taimakawa wajen gano sanƙarau na tarin fuka.

Ina ruwanmu da wannan?

Arewacin Najeriya da Nijar na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin rani. Wasu iyaye kan hana a ɗebi ruwan bayan ɗansu don tsoron shanyewar ƙafa, alhali jiki na mayar da abin da aka ɗiba cikin ƙanƙanin lokaci. Abin da aka fi gani bayan gwajin shi ne ciwon kai mai wucewa. Jinkiri kuwa kan jawo kurumta ko asarar rai. Duk wanda ya ga zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, ya garzaya asibiti nan take.

Mu haɗu a darasi na gaba.